Faci Da Ɗaure-Ɗaure A Kayan Aikin Gona

Bahaushe ba ya yar da abu don ya fashe. Ƙwarya in ta tsage akwai gyartai, fartanya in ta ɓalle akwai maƙeri, guga in ya huje a kai wa baduku, taya in ta sace ga mai faci a bakin tasha. Wannan hali ne mai kyau, shi ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri a shekarun da kuɗi suka yi wuya. Manomin da ƙotar fartanyarsa ta tsage ana tsakiyar noman farko ba zai zauna jiran ranar kasuwa ba, ciyawa kuwa tana cin gero. Sai ya sami 'yar waya ya naɗe, ya duƙa ya ci gaba da aikinsa. Ba mai ganin laifinsa.

To, amma kayan aikin gona na yanzu ba irin na da ba ne. Cikin shekarun 1980 hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara baza ƙananan injunan ban ruwa, sa'an nan shirin Fadama, wanda aka soma a farkon shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara yawaita su, har jigo ya zama sai labari a fadamu da yawa. Famfon feshi na goyo ya shiga kusan kowane ƙauye. Injin niƙa da na sussuka sun karɓe aikin turmi. Watau yanzu manomi yana ma'amala kullum da abu uku waɗanda kakansa bai san su a gona ba: guba, da mai mai kama wuta, da ƙarfe mai juyawa da gudu. Hannun nan kuwa da ya saba naɗe ƙota da waya, shi ne dai yake naɗe waɗannan, da waya, da leda, da robar tsohon tiyub.

Ba a ce kowane ɗauri mugu ne ba. Abin da ake so mutum ya tambayi kansa kafin ya ɗaure shi ne: in ɗaurin nan ya kwance, me zai fito, kuma a kan wa zai sauka? Ga misali. Mesar da ke zuƙo ruwa daga rijiya ta tsage, inji yana shan iska ya ƙi jan ruwa. Manomi ya yanko robar tiyub ya naɗe wurin tam, ruwa ya taso. Wannan gyara ne na hankali. In ya kwance gobe, iyakarta ruwa ya tsaya, a kashe inji da sauri don kada sil ɗinsa ya ƙone, a sake naɗewa. Amma a ɗauki robar nan ita ɗaya a naɗe tiyon fetur na injin nan ɗaya. Fetur yana cin irin wannan roba, ta kumbura ta yi laushi, kwana kaɗan ta fara ɗiga, ɗigon kuwa kusa da salansa mai zafi yake sauka. Roba ɗaya ce, hannu ɗaya ne ya ɗaure, amma na fari asarar rabin yini ne, na biyu gobara.

FAMFON FESHI

Inda ɗaure-ɗauren nan ya fi ɓarna a ɓoye shi ne famfon feshi, domin shi ba ya ƙara, ba ya ta da wuta, mutum yana cutuwa yana ganin lafiya lau yake aikinsa. Tanki ne mai cin lita 15, ko 16, ko 20, a goye a bayan mutum, ba abin da ya raba shi da fata sai 'yar riga.

A ƙarƙashin murfin tankin akwai zoben roba wanda ke hana ruwa fita, shi ne kuwa ya fi saurin ɓata ko tsinkewa. In ya ɓata, abin da aka saba yi shi ne a shimfiɗa leda a bakin tanki a murɗa murfi a kai. Ledar ba ta tare ruwa sosai, kuma ga wata illa. A jikin murfin akwai 'yar ƙafa wadda iska ke bi ta shiga ta cike gurbin ruwan da ya fita. Leda ta toshe ta, sai feshi ya riƙa yankewa, mai aiki ya ga haka ya sassauta murfi. Daga nan duk sa'ad da ya sunkuya, ko ya tsallake kunya, sai magani ya fantsamo masa a ƙeya da wuya, ya bi gadon baya ya gangara cikin wando.

Wurin da ya gangara ɗin nan shi ne abin tsoro. A 1971 waɗansu likitoci a Kalifoniya ta Amurka suka auna yadda maganin ƙwari ke ratsa fatar mutum a gaɓoɓi dabam-dabam. Suka tarar fatar goshi tana shan kamar ninki 4 na abin da sangalin hannu ke sha, fatar maraina kuwa ta fi ninki 11. Zafin rana da gumi suna ƙara wa abin sauri. Saboda haka wandon da ya jiƙe da magani tun hantsi, in ba a tuɓe shi ba sai azahar, daidai yake da a ce ana shafa wa mutum gubar ana ta ƙarawa, a wurin da jiki ya fi saurin karɓa.

Maɗaurin kafaɗa in ya tsinke, akan maye shi da igiyar leda ko wayar lantarki. Kaya mai nauyin kilo 20 a kan siririyar igiya tilas ya goge kafaɗa har ta saɓule, fatar da ta saɓule kuwa ƙofa ce a buɗe. Kunamar da ake matsawa a hannu in ta karye, sai a ɗaure ta da roba ta zauna a buɗe, magani ya yi ta zuba ko ana juyawa a ƙarshen kunya, ko an tsaya amsa gaisuwa. In tana ɗiga kuma sai a naɗe ta da tsumma, wai don kada hannu ya jiƙe. Ai tsumman nan ya fi rashinsa muni, don shi ne zai shanye maganin ya riƙe shi a tafin hannu yini guda. Abin da ke ɗiga a can ciki 'yar washa ce wadda ba ta fi kan yatsa girma ba, kuɗinta bai kai na mudun gero ba.

Tankin kansa in ya tsage, gam ba ya kama shi da kyau, domin irin robar da ake yin sa da ita mai santsi ce, ba ta shan gam. Waɗansu su kan ɗora wuƙa a wuta su narka gutsuren roba su like tsagar. Sa'ad da ake narkawar, ragowar maganin da ya shiga jikin tanki yana tashi cikin hayaƙin, mai gyara yana sunkuye yana shaƙa. Likin kuwa bai cika daɗewa ba, don tanki yana lanƙwashewa da motsin baya, kuma magunguna da yawa an dama su ne da wani mai wanda ke raunana irin wannan liki. Tankin da ya tsage a gefen da ke manne da bayan mutum ya gama aiki. A cire sandarsa da tiyonsa da abin da ke da kyau a ajiye don gyaran wani, shi kuma a huhhuje shi, kada wata rana yara su ɗebo ruwan sha da shi.

Sai batun bakin feshi, watau nozil. Ƙafarsa an auna ta ne daga masana'anta don ta fitar da ruwa gwargwadon da ake bukata. Ta kan toshe in an ɗebo ruwan kududdufi ba a tace ba, musamman in an yar da 'yar rariyar da ke bakin tanki. To, a nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Wani ya sa allura, wani ƙaya, wani ƙusa, ya sakata har ƙafar ta faɗaɗa. Lissafin abin kuwa shi ne, in faɗin ƙafa ya ninka sau 2, ruwan da ke fita ya kan ninka wajen sau 4. Tankin da ya kamata ya isa kunya 40 sai ya ƙare a kunya 10. Manomi ya sayi kwalba huɗu inda ɗaya ta isa, shuka ta ƙone, in wake ne ko tumatir kuma ragowar maganin ta bi shi har kasuwa. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai kai nozil baki ya hura. A kwance shi, a wanke cikin ruwa mai tsabta, a goge da tsohon buroshin haƙori wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai. In ya ƙi, a sa wani. Mai feshin kirki ba ya fita gona sai da nozil na biyu a aljihu, ƙunshe cikin leda.

Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. A gindin takardar kwalba akwai zane mai launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Parakwat, maganin ciyawan nan mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, ba shi da makari ko a asibiti. Yana cin fata in ya daɗe a kanta, in ya sami ƙujewa ko gyambo ya shiga jini, huhu yake nufa. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, a Nijeriya kuma hukumar NAFDAC ta sa ranar hana shi daga farkon 2024. Wanda ya tarar da ragowarsa a ɗaki kada ya ce bari ya ƙarasa da famfo mai yoyo. Dangin fiya-fiya kuwa, da sauran magungunan ƙwari irinsa, jijiyoyi suke kamawa. Alamunsu su ne ciwon kai, jiri, gumi mai yawa, yawu yana dalala, amai, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, ƙirji ya riƙe, nama yana rawa. Da yawa su kan ce rana ce ta buge su, su kwanta a inuwa da rigar a jikinsu.

In haka ta faru, a fid da mutum daga gonar, a tuɓe masa kayan duka, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankewar ya sa leda ko safa a hannu. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa har minti 15. Sa'an nan a kai shi asibiti tare da kwalbar, domin daga takardarta likita zai san abin da zai bayar. Dangin fiya-fiya suna da allurar da ke karya su, ana ce da ita atirofin, in an kai da wuri. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa kashe guba, sai ɓata lokaci. Kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, ya shaƙe ya koma huhu.

INJIN BAN RUWA

Tankin man injin ban ruwa ya kan yi tsatsa ya huje. Ana ganin inda aka cire shi ɗungum, aka kafa sanda aka rataye jarka ko gorar ruwan roba, aka jawo siririn tiyo, wani lokaci ma irin na ƙarin ruwa a asibiti, aka cusa a kafireta. Inji ya tashi, kowa ya yaba dabara. Amma tiyon nan ba don fetur aka yi shi ba, 'yan kwanaki ya ƙandare ya tsage, ko girgizar inji ta zare shi. Jarkar tana bisa, man da ke ciki duka zai kwararo ne a kan inji mai zafi, ba famfon da za a rufe. Fetur kuma ba sai wuta ta taɓa ruwansa ba. Tururinsa ne ke kamawa, ko da sanyin hunturu yana tashi, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa har ya iske tartsatsin fulogin da aka cire wa hula, ko wutar da aka hura don dafa shayi.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka kusan sau uku. Manoman rani da yawa a Kano da Jigawa da Katsina suka juya injunansu zuwa gas na girki, don ya fi sauƙi. Wannan ba laifi ba ne in an yi shi bisa ƙa'ida, watau a sa kafiretar da aka yi don gas, da regileta a kan tukunya, da tiyon gas na ainihi, a matse bakinsa biyu da kilif na ƙarfe. Laifin shi ne a ɗauko tiyon ruwa a cusa a bakin tsohuwar kafireta a naɗe da roba, a riƙa daidaita gudun inji da makunnin tukunya. In inji ya mutu da kansa ba kowa a kusa, gas ba zai tsaya ba, zai yi ta fita. Shi ma ya fi iska nauyi, kwari yake nema ya kwanta. Mai gona ya dawo ya ja igiya, shi ke nan. Ana gane yoyon gas da ruwan sabulu, a shafa a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Ashana ba abin gwaji ba ce. Tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa. In ta yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, gas ya rage fita, alama ce tukunyar ta yi wa injin kaɗan. A nemo babba. Masu kusantar da ita ga wuta ko ga hayaƙin salansa don ta ɗumama, da ransu suke wasa.

Akwai wata dabarar ta bazara wadda ta fi waɗannan duka cin rai, kuma ba a cika lissafa ta cikin gyaran wucin gadi ba, alhali kuwa shi ne. Injin da ke zaune a bisa ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kamar gaba huɗu ke nan, kome ƙarfinsa, domin nauyin iskar sama ne ke tura ruwan cikin mesa, shi kuwa yana da iyaka. In ruwa ya ja ƙasa a watan Maris da Afrilu, sai a haƙa rami a sauke inji, ko a zura shi cikin rijiya da igiya. Hayaƙin inji yana da wata guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, jini kuwa ya fi karɓarta fiye da iskar numfashi sama da sau 200. A fili iska tana kwashe ta. A ƙunƙuntaccen rami ba inda za ta. Inji ya tsaya, yaro ya sauka ya duba, gwiwoyinsa su saki kafin ya gane abin da ke faruwa. Ɗan'uwansa ya leƙa ya gan shi kwance, ya faɗa don ya ɗauko shi, shi ma ya kwanta. Haka gida ɗaya kan yi jana'iza biyu ko uku rana ɗaya.

Masu haƙar rijiya suna da gwajinsu na zura fitila, in ta mutu su san ba iska. Gwajin nan ba ya nuna wannan guba, fitila tana iya ci sarai a ramin da zai kashe mutum, in kuma da tururin fetur ko gas a ciki, fitilar ce za ta ta da shi. In tilas ne a sauke inji, ramin ya zama mai faɗin baki, da gangare kamar mashayar shanu, yadda iska za ta ratsa. Kada kowa ya sauka inji yana aiki, ko ya mutu yanzu-yanzu. A jawo shi sama da igiya a gyara shi a fili. In mutum ya faɗi a ciki, a kashe inji, a kira jama'a, a kaɗa iska cikin ramin da tabarma ko buhu, mai sauka ya sauka da igiya a ƙugu, ƙarfafa biyu suna riƙe da ita a sama. Wanda ya sami hali, famfon da ake nutsawa cikin ruwa mai aiki da hasken rana ya raba shi da wannan duka.

Tankin mai ko duro in za a kai wa mai walda, a tuna wanda ba kome a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururi da iska sun gauraye a ciki suna jiran tartsatsi. Cokalin miya ɗaya ko biyu na fetur ya isa ya fasa duro mai cin lita 200. Ɗauraya sau ɗaya ba ta fid da shi. Ƙaramin tankin inji dai sabo ya fi, kuɗinsa bai kai jinyar ido ɗaya ba.

ABIN DA AKA YI DON YA KARYE

Wani abu da ke rikita mutane shi ne, a jikin inji akwai abubuwan da maƙeransa suka yi su da rauni da gangan. Fiyus ɗin lantarki an yi shi ne don ya ƙone kafin waya ta ɗau zafi. A waɗansu injunan sussuka da kayan da tarakta ke juyawa akwai ƙusa mai noti ta ƙarfe mai taushi, wadda ke karyewa in dutse ko kututture ya shiga, don inji ya tsira. Manomi ya ga abu yana ta karyewa sai ya ce jabu ne, ya maye fiyus da wayar tagulla ko takardar kwalin taba, ya maye ƙusar da gutsuren rodi. Ba ta ƙara karyewa ba kam. Ranar da dutse ya sake shiga, sai giya ta watse, ko ƙarfe ya ɓalle ya tashi cikin mutane. Fiyus in yana yawan ƙonewa, faɗa yake yi akwai ciwo a wani wuri, ciwon za a nema. Haka nan gwamnan inji, wanda ke tsare gudunsa kada ya wuce kima. Masu ɗaure shi da waya don ruwa ya ƙara ƙarfi, tsufa suke jawo wa inji, wata rana kuma sandar fistin ta fasa gefe ta fito.

Murfin bel na injin niƙa da na sussuka akan cire shi ranar da za a canja bel, a jingine a bango, daga nan ya zama mazaunin kaji. Ƙaramin injin fetur yana juyawa har sau 3,600 a minti, watau sau 60 kafin a ƙirga daƙiƙa ɗaya. Sandar bayan tarakta tana yin 540 a minti, sau 9 ke nan a daƙiƙa. Ba mai saurin da zai fizge hannun riga daga wannan. Ga shi kuwa suturar ƙasar nan duk mai yalwa ce, babbar riga, rawani, mayafi, hijabi, kuma masu kai niƙa yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, su ne ke sunkuyawa su tara gari a gindin inji. Bel ɗin da ya tsinke aka ɗinke da waya ya fi kowane saurin kama tufa, don bakin wayar ƙugiya ne. In murfin asali ya ɓata, a nan kam dabara ta halatta: mai walda ya yi keji da raga da ƙarfe a ɗaure da noti, ko a kafa shingen katako tsakanin bel da inda mutane ke tsayawa.

Amalanken shanu ba ta da inji, amma ƙusar kafinta da ake sokawa a bakin gatari maimakon fil na ƙwarai ta kan lanƙwashe ta fita a gangare, taya ta bar amalanke da buhu goma da yara a bisa. In za a cire taya kuma, kada a tokare da bulon ƙasa ko na siminti, ya kan ruguje ba sanarwa. Gungumen icce mai faɗin gindi ya fi.

WANDA BAI SAN DA ƊAURIN BA

Mai kayan da ya yi ɗauri da hannunsa ya san inda yake, yana kaffa-kaffa. Amma sau da yawa ba shi ke aiki da kayan ba. Ɗan ƙwadago ne ake ba famfo ya goya ana biyansa kowane tanki, shi kuwa sauri yake ya ƙirga tankuna, ba zai tsaya duba murfi ba. Ɗa ne ake aika ya kwana a fadama wajen inji. Maƙwabci ne ya zo aro, aka ji kunyar a ce masa abin yana yoyo. Malamai sun hana ɓoye aibin kaya a ciniki, to, balle aibin da ke iya taɓa rai. Mai ba da haya ko aro ya nuna wurin da bakinsa, ya ce ga inda aka ɗaure. Wata al'ada mai sauƙi ita ce a ƙulla jan ƙyalle a duk wurin da aka yi gyaran wucin gadi, kada a kwance shi sai ranar da aka sa abin da ya dace. Ɗaurin da aka ce na kwana biyu ne, in ba alama a kansa, shi ne ke shekara.

'Yan kasuwa masu shagon kayan gona suna da hannu a nan. Manomi ba ya sa leda a murfi don yana so, sai don ya zo kasuwa an ce masa ba a sayar da zoben shi kaɗai, sai dai ya sayi sabon famfo. Mai shagon da ya ajiye washa, da zoben murfi, da nozil, da kunama, da kilif, da tiyon fetur na ainihi, ribar kowane ɗaya kaɗan ce, amma shi ne manoma za su riƙa nema duk ranar kasuwa. 'Yar ledar kayan gyaran da kan zo cikin kwalin sabon famfo kuma ta mai saye ce, a bar masa abinsa. Akawun ƙungiyar manoma, wanda ke riƙe da littafin injuna da famfunan da ake ba mambobi, ya buɗe shafi ga kowane ɗaya: ranar da ya fita, wanda ya ɗauka, abin da ya lalace, da irin gyaran da aka yi. Kada ya sake fid da abin da aka dawo da shi a ɗaure sai makanike ya gani. Cikin kuɗin haya a riƙa ware wani abu don kayan gyara tun kafin a kai ga rabo.

Kafin feshin farko na bana, ga gwajin da kowa zai iya yi a tsakar gida, ba ya cin ko kwabo. A wanke famfo, a cika shi da ruwa zalla, a rufe murfi sosai. A karkata shi hagu da dama da gaba a duba bakin murfi. A buga hannun famfo har ya yi tauri, a bar kunama a rufe, a bi tiyo da busasshen hannu tun daga gindin tanki har bakin sanda. Sa'an nan a shimfiɗa takardar buhun siminti ko busasshen ƙyalle a baya, a goya, a zaga gida minti biyar ana sunkuyawa kamar a gona. A sauke a duba takardar. In ta jiƙe ko da faɗin tafin hannu ne, a nemo inda ruwan ya fito a canja abin da ya mutu tun ruwa ne, kafin a zuba magani. A ƙarshe a fesa a busasshiyar ƙasa a ga ko feshin yana sauka daidai, ko gefe ɗaya ya fi jiƙewa. In haka ne nozil ya gaji.

A mako mai zuwa za a yi bayanin yadda ake auna yawan tankunan da kadada ɗaya ke ci, da yadda ake lissafin maganin da za a zuba a kowane tanki.